Ƙofofi Uku a Karkarar Amurka: Yadda Ake Bin Sawun Kamu, Tsarewa da Shari'a

Wanda ya san Amurka ta fina-finai zai ɗauka cewa da zarar 'yan sanda sun kama mutum, sunansa zai faɗa wata ƙatuwar kwamfuta a Washintan, kowa ya latsa ya gani. Hukumar FBI tana da irin wannan rumbu kam, amma a kulle yake ga jama'a. Abin da doka ta buɗe wa kowa yana warwatse ne a gundumomi sama da 3,000, kowace da ofisoshinta da ma'aikatanta da lokacin tashinta daga aiki. Manyan birane sun zuba yawancin bayanansu a intanet. A karkara kuwa, sau da yawa sai mutum ya buga waya, ko ya rubuta takarda, ko ya tuƙa mota zuwa hedikwatar gunduma ya tsaya gaban kanta yana jiran akawu.

Masu nema suna da yawa. Akwai uwar da ɗanta bai kwana gida ba, da matar da ta kai ƙarar mijinta tana son sanin ko an sake shi, da ɗan jarida, da mai gidan haya, da mai ɗaukar ma'aikata. Akwai kuma dangi a Kano ko Yamai ko Kumasi waɗanda ɗan'uwansu direban babbar mota ne a can, suka wayi gari wayarsa ba ta shiga. Dukkansu matsala ɗaya suke cin karo da ita: labarin kamu yana da sauƙin samu, amma shi ne mafi ƙarancin bayani, yayin da labarin yadda shari'ar ta ƙare, wanda shi ne gaskiyar magana, yake kwance a fayil ɗin da sai an sha wuya ake kai wa gare shi.

Gunduma da ikonta

Gundumar Amurka ta yi kama da ƙaramar hukuma, sai dai ta fi ta iko nesa ba kusa ba. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, amma rundunar 'yan sanda guda ce daga Abuja. A Amurka yawancin gundumomi suna da nasu 'yan sandan a ƙarƙashin wani jami'i da ake kira sherif, wanda mutanen gundumar ne ke zaɓensa da ƙuri'a. Suna da gidan waƙafinsu, suna da ginin kotunsu. Girmansu ma ya sha bamban ƙwarai. Jihar Teksas tana da gundumomi 254, Delaware tana da uku kacal. Gundumar Los Angeles tana ɗauke da mutum kusan miliyan 10, yayin da ƙidayar 2020 ta sami mutum 64 a gundumar Loving ta Teksas. A irin waɗannan ƙananan wurare, wadda ke amsa waya a ofishin sherif tana iya zama ita ce mai tura motar sintiri, ita ce kuma mai adana takardu.

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne dogaro da dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1966. Wannan doka hukumomin tarayya kaɗai ta shafa, ba ruwanta da sherif ko akawun kotun gunduma. Kowace jiha tana da tata dokar. A Kansas da Georgia dole ofis ya ba da amsa cikin kwanaki uku na aiki, a Virginia biyar, a Kalifoniya kwana goma har da ranakun hutu. Wasu jihohi, irin su Virginia da Tennessee, sun keɓe wannan haƙƙi ga 'yan jiharsu, kuma a 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta ce Virginia ba ta saɓa wa tsarin mulki ba da ta yi haka. Saboda haka kafin a tambayi komai, sai an san jihar, an san gundumar.

Ƙofa ta farko: wanda ya yi kamun

A hanyar karkara, wanda ya tsayar da mota yana iya zama mataimakin sherif, ko ɗan sandan wani ƙaramin gari, ko jami'in sintirin jiha, ko ma mai kula da dabbobin daji. Kowanne a ofishinsa yake ajiye rahotonsa, kuma sherif ba zai ba da takardar da jami'in jiha ya rubuta ba. A yawancin jihohi akwai bayanan da dole a bayar: sunan wanda aka kama, shekarunsa, laifin da ake zarginsa da shi, wuri da lokaci. Kotunan Teksas sun kafa wannan ƙa'ida tun 1975, a ƙarar da jaridar Houston Chronicle ta kai birnin Houston. Abin da aka saba riƙewa kuwa shi ne bayanin binciken da ba a kammala ba, da na yara masu ƙananan shekaru, da sunayen waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Ƙwararru a wannan aiki a rubuce suke nema, kuma suna taƙaitawa. Suna ba da cikakken suna da ranar haihuwa da ranar da abin ya faru, su nemi a faɗa musu kuɗin kwafi tun kafin a fara, in kuma an hana su sai su nemi a rubuta musu sashen dokar da aka dogara da shi. A mafi yawan jihohi ba dole ba ne mai nema ya faɗi dalilinsa.

Takardar shafi biyu ko uku tana iya motsa ƙasa. A ranar 23 ga Fabrairun 2020 aka harbe wani matashi baƙar fata, Ahmaud Arbery, a gundumar Glynn ta Georgia, aka yi makonni ba a kama kowa ba. A farkon Afrilu jaridar yankin, The Brunswick News, ta sami rahoton 'yan sanda ta hanyar dokar jihar, sai ga shi kusan dukkan labarin da ke ciki ya fito ne daga bakin ɗaya daga cikin mutanen da suka bi marigayin da mota. Manyan jaridu suka ɗauka, bidiyon harbin ya fito ranar 5 ga Mayu, aka yi kamu ranar 7. Darasin yana da fuska biyu. Rahoton ya taimaka wajen tona abin da aka so binnewa, ya kuma nuna cewa rahoton ɗan sanda abin da aka faɗa masa ne a wurin, kafin kowa ya yi rantsuwa.

Ƙofa ta biyu: gidan waƙafi

Amurka ta raba gidajen tsare mutane gida biyu. Gidan yari na jiha ne ko na tarayya, can ake kai wanda aka yanke wa hukunci mai tsawo, yawanci sama da shekara guda. Gidan waƙafi na gunduma ne, nan ake ajiye wanda aka kama jiya da daddare, da mai jiran shari'a, da mai ɗan gajeren wa'adi. Alƙaluman Ma'aikatar Shari'a sun nuna cewa a tsakiyar 2022 mutum kimanin 663,000 ne ke cikin gidajen waƙafi, kusan kashi 70 cikin 100 ba a yanke musu hukunci ba. A cikin shekara guda an shigar da mutane sau miliyan 7.3. Cibiyar bincike ta Vera ta nuna a wani rahoto na 2017 cewa a gundumomin karkara ne tsare mutane kafin shari'a ya fi hauhawa tun daga 1970, har ya zarce na manyan birane.

Sherif da yawa suna wallafa jerin sunayen waɗanda ke tsare, da hotunansu da kuɗin belinsu. Amma jerin na yau ne kawai. Wanda aka bayar da belinsa da safe sunansa na iya ɓacewa kafin la'asar. Rashin ganin suna kuma ba ya nufin an saki mutum, domin ƙananan gundumomi da dama ba su da gidan waƙafi, ko ba su da sashen mata, sai su biya maƙwabta su ajiye musu. Jihar West Virginia ta haɗe nata zuwa gidajen shiyya a ƙarƙashin jiha. A Kentucky kuwa akwai wani zaɓaɓɓen jami'i daban mai kula da gidan waƙafi, ba sherif ba. Idan baƙo ne da hukumar shige da fice ta karɓe shi, sai a koma shafin neman tsararru na hukumar ICE, wanda ke buƙatar lambar rajistar baƙo da ƙasar haihuwa, ko suna daidai da yadda aka rubuta shi.

Hanya mafi amfani ga mai son sanin ko an saki wani ita ce tsarin VINE, kuma asalinsa abin baƙin ciki ne. A Disambar 1993, a Louisville ta Kentucky, wani mutum ya harbe tsohuwar budurwarsa tana tashi daga aiki, a ranar da ta cika shekara 21. An tsare shi ne bisa zargin cin zarafinta, aka ba da belinsa, ba wanda ya sanar da ita. A 1994 gundumar Jefferson ta ƙaddamar da tsarin da ke buga wa mutum waya da zarar an saki ko an sauya wa fursuna wuri. Yau yawancin jihohi suna amfani da shi, kyauta ne, kuma kowa na iya yin rajista.

Bayan jerin sunaye, akwai takardun cikin gida: fom ɗin karɓar sabon tsararre, rajistar zagayen masu gadi, bidiyon kyamarori. Waɗannan sun fi wuyar samu, amma su ne ke magana idan mutum ya mutu a tsare. A ranar 10 ga Yulin 2015 wani jami'in sintirin Teksas ya tsayar da Sandra Bland, mai shekara 28, saboda ta sauya layi ba ta kunna sigina ba. Bayan kwana uku aka tsinci gawarta a ɗakin tsarewa na gundumar Waller, aka ce ita ta kashe kanta. Da aka fito da fom-fom ɗin karɓarta, sai aka ga sun saɓa wa juna: a ɗaya an rubuta cewa ta taɓa yunƙurin kashe kanta, a wani an rubuta a'a. Hukumar jiha mai sa ido kan gidajen waƙafi ta sami gidan da laifin rashin leƙa tsararru ido da ido a kowace sa'a. Iyalinta sun karɓi diyyar dala miliyan 1.9 a 2016, kuma a 2017 jihar ta yi doka mai sunanta, wadda ta ce duk mutuwar da ta auku a gidan waƙafi wata hukuma daga waje ce za ta bincika.

Ƙofa ta uku: akawun kotu

Nan ne aka fi samun gaskiya, nan ne kuma haƙƙin jama'a ya fi ƙarfi. A 1978 wani alƙali a gundumar Hanover ta Virginia ya kori kowa daga zauren kotu a shari'ar kisan kai da ake yi karo na huɗu. Jaridun Richmond suka ƙalubalance shi, kuma a 1980 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin mulki ya ba jama'a da 'yan jarida damar halartar shari'ar laifi. Fayil ɗin kotu ma a buɗe yake, sai wanda alƙali ko doka ta rufe.

Wahalar ita ce gano kotun. A Teksas manyan laifuka suna wurin akawun kotun shiyya, matsakaita suna wurin akawun gunduma, ƙananan laifukan hanya kuwa suna wurin alƙalin sulhu ko kotun gari, ko da yake a gundumar da ba ta kai mutum 8,000 ba akawu ɗaya na iya riƙe ofisoshi biyun farko. Jihar New York tana da ƙananan kotunan garuruwa da ƙauyuka kusan 1,200. Binciken da jaridar New York Times ta wallafa a 2006 ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na alƙalansu ba lauyoyi ba ne, kuma a da yawa daga cikinsu ba a ajiye cikakken bayanin abin da aka faɗa a zama. Bayan wannan ne jihar ta sa a riƙa ɗaukar zaman a na'ura. A gabashin Oklahoma kuma, tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2020 a shari'ar McGirt, ƙararraki da yawa da suka shafi 'yan asalin ƙasar sun koma kotun tarayya ko ta ƙabila.

Wasu jihohi sun sauƙaƙa. Wisconsin tana da shafin da ke nuna shari'o'in gundumominta tun 1999, Missouri tana da Case.net, Oklahoma tana da OSCN, Indiana tana da MyCase. Shafin PACER da aka fi ji, wanda ke cajin santi 10 kan kowane shafi, na kotunan tarayya ne kawai, ba za a sami shari'ar gunduma a cikinsa ba. Ko a jihohin da suka ci gaba, abin da ke intanet yawanci jerin ranakun zama ne da taƙaitaccen sakamako. Takardun kansu, musamman tsofaffi, sai a ofishin akawu.

Abu uku mai hankali ke nema a fayil: lambar shari'a, tuhumar da mai gabatar da ƙara ya shigar, da hukuncin ƙarshe. Tuhumar tana yawan bambanta da abin da ɗan sanda ya rubuta ranar kamu. Wani lokaci mai gabatar da ƙara ya ƙi shigar da komai, wani lokaci a kori ƙarar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na hukuncin samun mutum da laifi a Amurka ta yarjejeniyar amsa laifi ake kai wa gare su, inda sau da yawa babban zargi ke rikiɗewa ya koma ƙarami.

Farkon labari ba ƙarshensa

A 1989 Kotun Ƙoli ta hana 'yan jarida samun tarihin laifin wani ɗan kasuwa daga rumbun FBI. Hujjarta ita ce akwai bambanci babba tsakanin takardun da sai an bi kotuna da ofisoshin 'yan sanda ɗaya bayan ɗaya kafin a tattara su, da kundi guda da kwamfuta ta harhaɗa. Wato wahalar nema kanta kariya ce ga mutum. Nisan hanya da ƙurar kabad ɗin akawu sun daɗe suna rufa wa mutanen karkara asiri.

Intanet ta rushe rabin wannan kariya, kuma rabin da bai kamata ba. Kamfanoni suna kwashe hotunan tsararru daga shafukan sherif cikin sa'o'i, amma ba sa komawa kotu su ga yadda aka ƙare. Zancen kamu kamar na kasuwa ne, kafin azahar ya kai ƙauyuka, amma ranar da aka wanke mutum ba mai shela. Hukumomi ma ba su tsira ba: rahoton Babban Lauyan Amurka na 2006 ya ce kimanin rabin bayanan kamu da ke rumbun FBI ba su ɗauke da hukuncin ƙarshe. Wasu kuma sun mayar da abin sana'a. A Mayun 2018 hukumomin Kalifoniya suka tuhumi mutum huɗu masu alaƙa da shafin Mugshots.com da tatsar kuɗi, bisa zargin sun karɓi sama da dala miliyan 2 daga mutum fiye da 5,000 domin a cire hotunansu. Haɗarin ya ƙaru ga masu sunan da ya yi yawa, ko wanda ake rubutawa iri-iri kamar Muhammad da Abubakar, domin binciken da ya dogara da suna kawai yana iya liƙa wa mutum laifin takwaransa.

Jihohi sun fara gyara. A 2021 Utah ta hana sakin hoton tsararre kafin a same shi da laifi, sai in ana nemansa ruwa a jallo ko alƙali ya ba da izini. A shekarar ce Kalifoniya ta hana 'yan sanda sa hotunan waɗanda ake zargi da laifin da ba na zubar da jini ko cin zarafi ba a shafukan sada zumunta. Pennsylvania ce ta fara, a 2018, yin dokar da ke rufe wasu tsofaffin fayiloli kai tsaye ba sai mutum ya nema ba, Michigan da wasu suka bi sahu. Dokar tarayya ta 1970 kuma ta hana kamfanonin bincike, a mafi yawan lokuta, ba da rahoton kamun da bai kai ga hukunci ba idan ya wuce shekara bakwai.

Amma rufewa gaba ɗaya ba mafita ba ce. An buɗe rajistar kamu ne tun asali domin kada hukuma ta ɗauke mutum a ɓoye, kuma a karkara ne wannan tsoro ya fi zama gaskiya.

Inda kowa ya san kowa

A ƙaramar gunduma, sherif da alƙali da mai gabatar da ƙara suna iya zama 'yan aji ɗaya, mai neman takarda kuma maƙwabcinsu ne. Jaridar mako-mako ce ta saba tsayawa a tsakani, amma tana mutuwa. Binciken Jami'ar Northwestern ya nuna cewa Amurka ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta tun 2005, kuma gundumomi sama da 200 ba su da wata kafar labarai ta gida.

Waɗanda suka rage suna shan matsi. A Afrilun 2023 jaridar McCurtain Gazette-News ta Oklahoma, wadda ta daɗe tana binciken ofishin sherif tana neman takardunsa, ta fitar da wani faifan murya da aka ji jami'an gunduma suna zancen kashe 'yan jaridarta. Gwamnan jihar ya nemi su yi murabus, kwamishina ɗaya ya sauka. A ranar 11 ga Agustan shekarar, 'yan sandan garin Marion na Kansas, mai mutum kusan 1,900, suka kai samame ofishin jaridar Marion County Record da gidan mai ita, suka kwashe kwamfutoci da wayoyi, saboda jaridar ta duba bayanin lasin tuƙi na wata mai gidan abinci a shafin gwamnatin jiha. Mahaifiyar mai jaridar, Joan Meyer, mai shekara 98, ta rasu washegari. Takardun rantsuwar da aka dogara da su wajen samamen ba su shiga fayil ɗin kotu ba sai bayan kwana uku. Lauyan gunduma ya janye izinin binciken ranar 16 ga wata saboda rashin isasshiyar hujja, shugaban 'yan sandan ya yi murabus a Oktoba, kuma a 2024 aka tuhume shi da yi wa shari'a katsalandan. Ba don fayil ɗin kotu a buɗe yake ba, da ba wanda zai san abin da aka rubuta wa alƙali.

Gyaran da ya dace, ke nan, shi ne a bar ƙofofin a buɗe amma a haɗa su. Duk ofishin da ya wallafa kamu ya kamata ya liƙa masa lambar shari'a, ya kuma sa sakamakon idan ya fito. Gundumomin karkara ba su da kuɗin yin haka su kaɗai, nauyin yana kan jihohi.

Kafin a kai can, nauyin yana kan mai nema da wanda aka kama. Mai nema kada ya yanke wa kowa hukunci da hoton gidan waƙafi, sai ya ji ta bakin akawun kotu, ya kuma tabbatar da ranar haihuwa. Wanda aka sallama kuwa, lauyoyi suna ba shi shawarar ya karɓi kwafin hukuncin mai hatimin kotu tun kafin a rufe ko a shafe fayil ɗinsa, domin bayan an rufe samunsa yana wuya. Wannan ya fi muhimmanci ga baƙi. Hukumar shige da fice tana tambayar mai neman katin zama ko zama ɗan ƙasa game da kowane kamu, har wanda aka kori ƙararsa ko aka shafe, kuma tana neman takardar kotu mai hatimi a matsayin shaida. Kuɗin kwafin yawanci 'yan daloli ne, ana iya nemansa ta gidan waya, kuma akawun kotun da aka yi shari'ar ne ke bayar da shi.